Ƙusar da Ta Ƙi Karyewa

Clarrie Dunstan ne ya fara ganin abin, kafin kowa a ƙauyen dutsen nan na Tallow Gap, wata biyu cur kafin babbar ƙanƙarar ta sauko. Yanzu kowa na cewa ai shi ma ya lura. Ƙarya suke yi. Mutum ɗaya ne ya durƙusa a garejin Neville Quigley ran nan cikin watan Mayu, hunturun can na ƙaratowa, ya leƙa bakin injin watsa ƙanƙara, ya gane akwai matsala. Mutumin nan kuwa yatsunsa bakwai ne, shekarunsa saba'in da huɗu, kuma bai taɓa gama aji huɗu ba.

Duk shekara in sanyi ya fara cizo da safe, Clarrie kan ɗauki akwatin sifanoninsa ya bi gida-gida. Gidajen da ake zama cikinsu da hunturu a kan dutsen ba su wuce tara ba, a warwatse, kowanne da injinsa na watsa dusar ƙanƙara, wanda ake turawa kamar baro, bakinsa na ci, maƙogwaronsa na tofarwa gefe. Duk taran a hannun Clarrie suke. Ya zubar da tsohon fetur da ya kwana shekara ya yi tsami, ya wanke kafireto, ya canja baƙin mai da fulogi, ya matsa bel da babban yatsa ya ji ko ya saki. Ba ya karanta littafin inji. Ya ce wanda ya rubuta littafin bai taɓa kwana biyu a cikin rami a ƙarƙashin ƙanƙara ba, shi kuwa ya kwana, ya fito da ƙafarsa.

Gidan Neville shi ne na ƙarshe, kuma shi ya fi damunsa, don Neville mijin ƙanwarsa Rhonda ne. Rhonda kuwa ƙodarta ta daina aiki shekara biyu ke nan. Litinin, Laraba da Juma'a sai an sauko da ita asibitin Bairnsdale an wanke mata jini. Daga ƙofar gidansu zuwa babban titi taku ɗari huɗu ne, kuma motar share titi ba ta shiga wannan lungun. Injin nan kaɗai ke buɗe shi.

“Nev, zo nan. Mene ne wannan?”

Neville ya ajiye gatarinsa ya zo ya tsaya a kansa. Ƙato ne, shekara arba'in yana kora shanu a kan tuddai kafin gwiwa ta zaunar da shi.

“Ƙusa ce mana. Idon ma ya bi yatsun ne?”

A bakin injin akwai murɗaɗɗen ƙarfe mai haƙora da ke juyawa yana tauna ƙanƙara. Ƙusoshi biyu ne ke riƙe shi a jikin sandar da ke juya shi, ɗaya dama ɗaya hagu, kuma da gangan ake yin su da laushi. In haƙoran suka ciji dutse, ƙusar ce za ta karye, komai ya tsaya lafiya. Amma abin da Clarrie ke kallo baƙaƙen ƙusoshi ne masu ƙyalli, na ƙarfe mai taurin tsiya.

“Ina masu laushin?”

“Na zubar. Huɗu na karya bara, Clarrie. Huɗu! Ina tsakiyar hanya, Rhonda na cikin mota tana rawar sanyi, ni ina durƙushe ina lalubar wata 'yar aba kamar tsinken sakace. Waɗannan daga jikin tsohuwar tarakta na ciro su. Su karye in gani.”

“Ai don ta mutu aka yi ta, kai makiyayin banza. In ba ta mutu ba wani abu zai mutu a madadinta.”

“Shekara arba'in, duk abin da ya karye mini na mai da wanda ya fi shi ƙarfi. Ƙofar garke, igiya, sirdi. Ban taɓa nadama ba.”

“Wannan ba saniya ba ce.”

Clarrie ya miƙa hannu zai ɗauki sifana. Neville ya ɗora takalminsa a kai, a hankali, ba da faɗa ba.

“Mai na ce ka canja, da fulogi. Sauran ka bar mini.”

Daga taga Rhonda ta ƙwala musu kira. “In kun gama zagin junan, shayi na hucewa, kuma ni ba zan sake ɗora wani ba.”

Suka shiga suka sha shayi da gasasshen burodi. Clarrie ya kalli ƙanwarsa, ya ga yadda zoben aurenta ke yawo a yatsa, ya haɗiye sauran maganarsa. Ya ce a ransa zai dawo ranar da suka sauka asibiti ya canja ƙusoshin ba wanda ya sani. Bai dawo ba. Wannan kaɗai ne abin da ba ya son a tambaye shi a cikin labarin nan.

Ƙanƙarar da rediyo ya ce za ta zo ranar Alhamis, cikin watan Yuli, ranar Talata ta zo. Aka rufe titin dutse. Laraba ta wuce Rhonda ba ta je asibiti ba. Alhamis ƙafafunta suka kumbura har silifa ya ƙi shiga, in ta kwanta numfashi ya gagara, sai dai ta jingina a kujera. Likita ya ce a waya kada Juma'a ta wuce ko ta halin ƙaƙa. Jirgi mai saukar ungulu ba ya tashi cikin wannan hazo, motar asibiti kuma iyakarta shingen da ke gindin dutse. Da yamma iska ta ɗan lafa, aka aiko cewa gobe za a buɗe titi daga ƙarfe goma sha ɗaya zuwa biyu, don wata ƙanƙarar na tafe bayan wannan, wadda ta fi ta.

Neville mutum ne mai shiri. A wannan 'yar lafawar ya fita ya shimfiɗa sarƙoƙin taya biyu a ƙasa a gaban motarsa, don da safe ya hau kansu ya ɗaure ba ɓata lokaci. Kafin gari ya waye wata sabuwar dusa ta rufe su har gwiwa.

Clarrie ya baro bukkarsa tun ƙarfe bakwai, da shebur a kafaɗa da akwatin aiki a baya. Tafiyar minti ashirin ta ci masa awa biyu. Ko hankaka ba ya kuka. Itatuwan turare duk sun sunkuya da nauyi, can yamma kuma sama ta yi wani launi kamar tsohon ƙurji. Yana hawa tudun ƙarshe ya jiyo injin, yana gurnani daidai, ba tari ba shaƙewa. Har ya yi murmushi, don aikin hannunsa ne.

Sai sautin ya canja.

Ƙara ɗaya, kamar an buga guduma a kan tukunya. Bayanta wani ihu siriri mai tsawo, na bel da ke zamewa a kan abin da ya ƙi juyawa. Clarrie ya tsaya yana jira ya ji ɗan ƙas ɗin nan na ƙusa mai laushi, ko da yake ya san ba zai ji ba. Ihun ya ci gaba. Ya ƙirga har shida kafin injin ya yi shiru.

Ya jefar da akwatin ya ruga. Mutum mai shekara saba'in da huɗu, cikin ƙanƙara har cinya. Wanda ya ce ba zai yiwu ba bai san shi ba.

Da ya zagayo bayan gareji ya hango Neville a durƙushe gaban injin, hayaƙin roba na tashi a kansa. Ya cire safar hannun dama da haƙori. Wutsiyar sarƙa na leƙowa daga cikin haƙoran, shi kuma yana miƙa hannu.

“Nev! Kar ka taɓa!”

“Na kashe shi ai,” in ji Neville, ko waiwayowa bai yi ba. “Ga makullin nan a aljihuna.”

Ba sauran lokacin magana. Clarrie ya ɗaga shebur ya sauke masa ƙotar a gwiwar hannu. Neville ya faɗi gefe yana ashar, ya taso da niyyar duka.

“Ka haukace ne, tsohon banza?”

Clarrie ya juya yana haki. Ya jawo tsintsiya mai doguwar ƙota da ke jingine a bango, ya tura ƙotar inda hannun Neville ya nufa, ya ɗan zunguri sarƙar. Injin da ke kashe, wanda makullinsa ke aljihu, ya zabura. Haƙoran suka juya rabin taki suka datse ƙotar gida biyu, guntun ya yi tsalle ya bugi kwanon rufi.

Suka tsaya suna kallon abin da ya rage a hannun Clarrie.

“Ƙarfin da ya kamata ƙusarka ta sha, yana nan a ciki a murɗe,” in ji Clarrie. “Jira yake a taɓa shi. Kana tsammani yatsuna ukun nan a caca na sa su?”

Neville ya mai da safarsa.

Ƙarfe tara da rabi ya wuce. Hanyar da aka share ba ta kai taku goma ba.

Clarrie ya aiki Neville ya ɗauko akwatin da ya yar. Ya zare wayar fulogi tukuna, ya cusa ta nesa. Ya buɗe murfi ya sassauta bel ɗin, wanda ya ƙone ya yi santsi kamar gilashi, ya bar sauran murɗin ya saki a hankali. Sannan suka koma kan ƙusoshin. Ta hagu ta fito da bugun guduma uku. Ta dama ta lanƙwashe a cikin ramin, ta ƙi gaba ta ƙi baya.

“Ga ta nan, ba ta karye ba. Ka ji daɗi?”

“Yi aikinka, Clarrie.”

“Miƙo zarto.”

Minti arba'in ya yi yana yankan ƙarfen tarakta a kwance a kan buhu, da yatsu bakwai da ba ya jin ko ɗaya daga cikinsu. Haƙoran zarto biyu suka cinye. Neville na riƙe da injin a gicciye, bini-bini ya ɗaga kai ya dubi yamma. Baƙin hadarin ya haura rabin sama. Ba iska ko kaɗan, kuma duk wanda ya zauna a dutsen ya san wannan shirun.

Ƙusar ta fita, suka warware sarƙar, ta tsinke wuri biyu. Neville ya sauke ajiyar zuciya ya kai hannu ga igiyar tayarwa.

“Dakata.”

A tsakiyar bakin injin akwai ɗan akwatin giyar da ke juya haƙoran, kamar dunƙulen hannu. Clarrie ya kwance notin da ke kansa, ya tura tsinke, ya zaro giris, ya shafa a tafinsa. Giris ɗin na walƙiya da garin tagulla, kamar an barbaɗa masa zinariya. A ciki har da guntu biyu masu girman ƙwayar shinkafa.

“Mene ne?” in ji Neville.

“Haƙoran giya ne. Abin da ya mutu a madadin ƙusarka ke nan.”

“Zai yi aiki?”

“Zai yi, har ya daina.”

“Yaushe?”

“Tambayi tarakta.”

Ba ƙusa mai laushi ko ɗaya a gidan. Clarrie ya zagaya garejin da ido, ya kwance biyu daga hannun baron itace, na ƙarfe mai arha, ya yi wa kowace tsaga biyu da zarto don ta san inda za ta karye. Ya goge bel da takarda mai yashi har santsin ya tafi. Ya shiga gida neman ruwan zafi ya jiƙa yatsunsa, ya tarar da Rhonda a kujera ta riga ta sa kwat, jakarta a cinya, fuskarta ta yi suntum, leɓɓanta sun yi toka-toka.

“Kun kashe shi?” ta ce. Tsakanin kalma da kalma sai ta nemi iska.

“Injin ko mijinki?”

“Wanda ya fi... sauƙin gyara.”

“To injin na da rai.”

Ta so ta yi dariya, tari ya hana ta. Da ya lafa ta kama hannun rigarsa. “Kar ka yi masa gori yau, Clarrie. Don ni ya sa ƙusoshin nan.”

“Na sani, Ron. Zauna, kar ki yi magana.”

Sha ɗaya da kwata injin ya tashi a ja na biyu. Clarrie ya hana Neville riƙewa. Shi ya tura da kansa, a giya mafi sanyi, yana ba bakin rabin cinsa kawai, Neville na gaba da shebur yana rage tsayin dusar yana caka ƙasa ko akwai wani abin binne. Motar na buƙatar faɗin bi uku, don haka suka yi ta gunduwa-gunduwa, taku hamsin gaba, su dawo, su sake. Duk juyi kaɗan sai a ji ƙas daga cikin giyar, ƙotar ta harbi tafin Clarrie. Da farko jefi-jefi. A taku na ɗari biyu ya zama kamar agogo. Can nesa suka jiyo motar share titi ta wuce sama, ta dawo ta wuce ƙasa.

A taku na ɗari uku ƙusar hagu ta karye a kan wata saiwa. Ƙas, haƙoran suka tsaya cak, lafiya lau. Clarrie ya kashe, ya zare wayar fulogi, ya zaro wata da ya kwanto daga ƙafar baron ya ajiye a aljihu, ya sa ta cikin minti huɗu. Ya kalli Neville. Neville ya kalli takalminsa.

Ƙarfe ɗaya da minti biyar, saura taku arba'in, inda motar share titi ta tara tudu mai tauri kamar siminti a bakin lungun, giyar ta yi wani gurnani ta saki. Injin na ta ruri, fankarsa mai tofar da dusa na juyawa, haƙoran gaba kuwa ko motsi. Clarrie ya kashe shi, suka tura shi gefe.

Dusar farko ta sauka a kan hannun rigarsa. Babba ce, a hankali ta zo.

“Koma ka ɗaura sarƙa,” in ji Clarrie. “Tsinkakkiyar ka haɗa ta da wayar shinge, wannan dai ka iya. Ka sa ta a mota, ka kunna mata zafi. Bar mini nan.”

“Kai kaɗai? Zuciyarka za ta buga.”

“Gobarar daji ba ta kashe ni ba, sai wannan? Tafi!”

Bai haƙa faɗin mota ba, ba lokaci. Layi biyu ya haƙa, daidai inda tayoyi za su bi, ya sassare tsakiya yadda cikin motar zai iya turewa. Bai ɗaga kai ba. Ya ji ɗanɗanon jini a maƙogwaro, ya ji hannun hagu ya yi nauyi, ya ce wa hannun ya jira sai an gama. Da Neville ya iso da motar, ya sauko suka fasa tudun ƙarshe tare, ƙato da siriri, ba mai zagin wani. Biyu saura minti takwas motar ta ja da baya, ta taho da gudu, ta daki abin da ya rage, ta yi tangal-tangal, ta faɗa kan titi.

Rhonda ta ɗaga hannu a bayan gilashi. Clarrie bai ga fuskarta sosai ba, dusar ta riga ta yi kauri. Fitilun baya suka sha kwana sau biyu suka ɓace.

Ya koma gidan ya zauna kusa da waya da takalmansa a ƙafa. Ƙarfe huɗu iska ta fara jijjiga kwanon rufi. Biyar saura wayar ta yi ƙara. Neville ne. Sun kai shingen ana rufewa, motar asibiti na jira. A hanya zuciyar Rhonda ta rikice saboda ruwan da ya taru, sai da suka tsaya a gefen titi suka yi ta fama da ita. Tana da rai. Likita ya ce da sun iso awa biyu kafin haka, da ba a kai ga wannan ba.

Awa biyu. Dukansu sun san inda awa biyun suka tafi.

Sati uku ta yi a gadon asibiti. Da aka sallame ta aka ce zuciyar ba za ta sake ɗaukar hawan dutse ba, ko da rani. Matar da aka haifa a Tallow Gap, wadda ta rantse a can za a binne ta, yanzu tana wani ɗan gida mai ɗaki biyu a bayan asibitin, tagarta na kallon wurin ajiye motoci. Neville na tare da ita, yana shuka tumatir a bokiti. Gidan dutse a kulle yake. Gidajen Clarrie sun koma takwas, kuma yanzu duk wanda ya ɗora masa takalmi a kan sifana sai ya nemi wani makanikin, in akwai.

Akwai masu hawowa daga birni da sababbin injuna, su ji labarin a mashaya su ce tsohon ya ƙara gishiri, wai inji a kashe ba ya cizo. To, titi a buɗe yake, bukkarsa ce mai jan rufi bayan gada. Duk mai shakka ya zo da injinsa. Clarrie zai ɗaura masa ƙusar tarakta da hannunsa, ya ciyar da shi sarƙa, ya kashe, ya miƙa masa makullin ya sa a aljihu. Sai ya cire safa ya zaro sarƙar. Clarrie zai tsaya a gefe, kuma wannan karon ba zai zo da shebur ba.